Sabka, In Ji Kaka

Na Allah ne mu, kuma gare shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kakana, mahaifin Umma, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidanmu na unguwar Al-Badi'a, a nan Riyad. Bayan La'asar aka yi masa sallah, maza suka tafi da shi. Yau kwana tara.

Kwana ukun zaman makoki ni aka sa zuba gahawa a ɗakin mata. Duk wanda ya san ni ya san ba a ba ni abin da zai iya fashewa, amma a ranakun nan babu wanda ya tuna. Na yi ta zagayawa da buta a hannun hagu, 'yan kofuna a dama, kunnuwana a buɗe. Wata maƙwabciyarmu, wadda a sanina sau biyu kacal ta taɓa gaishe shi, ta yi kukan da ya danne na Umma har sai da aka kawo mata ruwa. Wata ta ce babu yaron layinmu da Kaka bai ɗaura wa sarƙar keke ba. Tsohuwa 'yar Yaman da ke gidan sama ta ce da Larabci ita ba ta duba agogo da safe, ƙararrawar kekensa take jira ta ɗora shayi, kuma wata biyu ke nan shayinta na makara.

Sai Inna, yayar Umma da ke aure a Ahsa, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Tarin nan ne. Tun zuwan da suka yi mana cikin sanyin nan ya koma da shi. Ni dai ban san inda ya kwaso shi ba."

A nan na zuba wa baƙuwa gahawa a yatsa.

A ɗakin maza kuma, in ji ƙannena, tambaya ɗaya kowa ke yi in ya gama addu'a: ina keken? Don babu wanda ya san Kaka a ƙasa. In ka ce "tsohon nan mai baƙin keke", daga Al-Badi'a har Al-Murabba an gane wanda kake nufi.

Ni na san inda ya kwaso tarin. Na san inda keken yake. Mu uku muka sani. Ɗaya yana kabari, ɗaya Kawu ne, ƙanen Umma, wanda tun ranar Talata in muka haɗa ido sai ya hau duba wayarsa. Ta ukun ni ce, kuma tsoro ya hana ni cin ko dabino ɗaya a kwana ukun nan, ni da aka sani da cinye na baƙi.

Bari in fara faɗa muku wane ne shi, kafin in faɗi abin da na yi.

Kaka Basakkwace ne, kuma ya fi shekara arba'in a ƙasar nan bai bar Sakkwatanci ya tsufa a bakinsa ba. "Mi" yake cewa, "wanga", "mu tahi". Larabcinsa kuwa, Allah ya jiƙansa, abin tausayi ne. Harafin nan da muke kakarowa daga maƙogwaro bai taɓa fita a bakinsa ba. Burodi "kubus" ne, an gama "kalas" ne. In na gyara masa sai ya ce shi ba zai yi kaki a gaban mutane don a ce ya iya Larabci ba. Ni kuma a nan aka haife ni, Larabci nake mafarki da shi, shi ya sa kullum muna faɗa. Yana cewa Hausata kamar shayin asibiti ce, akwai zafi babu ɗanɗano.

"Amarya," haka yake kirana, "wa za shi aure ki da wanga baki?"

"Ai kai ka ce kana so, tsoho. Ni na fasa tun da na ga haƙoranka a kofi."

"Awo? To na sake ki. Miƙo mini filaya."

Ya sake ni ya fi sau dubu, kullum kuma da aike a ƙarshe.

Da ƙuruciya leburan titi ne. Yana cikin waɗanda suka zuba kwalta a can gabas, bakin teku, lokacin da babu komai a wurin sai yashi da iska. Daga baya ya dawo Riyad ya zauna a wani ɗan shago yana gyaran keke. Kekensa nasa baƙi ne, mai nauyi kamar ƙofar gida, kuma na rantse ya girmi Umma. Kowace Juma'a da safe yana wanke shi kafin ya wanke kansa. Akwai ƙaramar sukundireba a aljihun jallabiyarsa ko masallaci za shi. Wata rana ya tsayar da wani leburan Bangaladash a tsakiyar rana, ba su san juna ba, ba sa jin yaren juna, ya ɗaure masa birki, ya buga masa sirdi sau biyu alamar ya tafi. Na ce, "Kaka, ina ruwanka?" Ya ce ƙarar birkin ce ta yi masa ciwo a haƙori. Na ce haƙoran suna gida.

Ina shekara goma sha ɗaya ya haɗa mini keke daga ɓaraguzan shagonsa: taya ɗaya ja, ɗaya baƙa, sirdi na wani keken daban. A saman rufin gidanmu na koya, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, zagayen da bai fi taku takwas ba. Ranar da na ci karo da tankin, duk gidan ya ji kamar an buga ganga. Umma ta hau da ludayi a hannu.

Ba zan manta fuskarta ba, don ba fushi na gani ba, tsoro ne. Ta ce wa mahaifinta, "Baba, mu baƙi ne. Takarda ce ke riƙe da mu a ƙasar nan. Yarinya mace a kan keke, wani ya gani ya kai magana, a kira babanta, a kira kafili mai tsaya mana a takardar zama, ina za mu sa kanmu? Kuma gobe ta fita titi mota ta kwashe ta fa?"

Kaka ya ce, "Kin yi gaskiya." Ya sauke keken. Na yi kuka na kwana biyu, na ƙi yi masa magana, na zuba masa gishiri a shayi. Ya shanye tas ya ce yau ne na fara iya girki.

Ashe bai watsar da maganar ba. Shekara uku bayan haka, lokacin da aka fara farfasa titunan Riyad ana haƙa ramin jirgin ƙasa, keke ya gagara hawa ko ga maza, Kaka ya fara cewa yana kewar Inna ta Ahsa. Duk hutun sanyi sai ya ce Kawu ya kai shi a wanit ɗinsa, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ni kuma in raka shi don in riƙa tuna masa magani. A bayan motar, ƙarƙashin tsohon bargo, keke biyu ne kwance. Kawu ya ce in Umma ta ji, shi zai ce makaho ne. Kaka ya ce makaho mai tuƙi, ai ka ga an gama da mu.

Daga gidan Inna mukan fita bayan sallar Asuba, a ce za a sayo kifi. Mu wuce gonakin dabino, mu shiga fili, har iska ta sauya wari. Can akwai wani titi siriri da ke bin bakin teku, ya wuce wata tsohuwar tashar jiragen ruwa da babu kowa cikinta sai tattabaru. Kawu yakan ajiye mu a farkon titin, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula.

Ranar farko da na ga teku na tambayi Kaka ina ɗaya gefen. Ya ce ba a gama ginawa ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku titin nan ba. A dama ruwa, kore a kusa, shuɗi a nesa. A hagu yashi fari da 'yan ciyayi. Babu gida, babu fitila, babu mai kallo. Kana jin ƙarar tayarka a kan kwalta, kana jin numfashinka. Wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launinsu kamar alewar yara, suna tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya kamar an ba su horo a makaranta. Ni da na saba da zagayen taku takwas, sai ga hanya ba ta ƙarewa. Na ɗaure bakin abayata a ƙugu, na taka, na yi ihu har maƙogwarona ya bushe. Kaka na bayana a hankali, yana nuna kwalta da haɓa.

"Nan munka kwana wata huɗu. Wanga lanƙwasa ni na share ta da tsintsiya kahin a zuba. Ki taka da ladabi."

Amma ko a can tsoro bai bar mu ba. Kaka ya kafa doka guda. Kunnensa ya fi na mage, yana jin mota tun ba a ganin ta. In ya ji, zai ce kalma ɗaya: "Sabka!" Umma "sauka" take cewa, shi kuwa Basakkwace "sabka". In na ji, in ja birki, in diro, in saki abaya, in gyara mayafi, in tsaya a gefe riƙe da keken kamar ina jiran wani ƙanena da ya zaga bayan tudu. In motar ta wuce ta ɓace, sai ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Sau biyu na nufin hau.

"In na ce sabka, ki sabka," ya ce. "Ba tambaya, ba waige, ba 'lesh ya Kaka', wanga 'don mi' naki na Larabci."

Mun yi ta maimaitawa har ya zama jikina ne ke ji, ba kunnena ba. Wani lokaci yakan faɗa babu motar komai, don kawai ya ga na diro kamar kwaɗo, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Akwai ranar da wata farar mota ta rage gudu daidai mu, mutum biyu a ciki, suka dube ni, suka dubi keke biyu, suka dubi tsoho ɗaya. Kaka ya ɗaga musu hannu ya yi sallama da Larabcinsa mai ban tausayi, suka amsa suka wuce. Sai da ya kaɗa ƙararrawa sau shida kafin ƙafata ta yarda ta hau.

Hutu uku muka yi haka lafiya. Na huɗun shi ne na bana.

Ranar da sanyi sosai, iska na yanka kunne. Mun yi nisa fiye da kullum, har motar Kawu ta ɓace. Na wuce Kaka da tazara, don na fara jin kaina. Sai na ga a gefen teku wani fili fari fat, sumul kamar tayil ɗin masallaci, yana ƙyalli, tsuntsayen nan kuma suna can ƙarshensa. Na ce a raina bari in je in gaishe su. Na karya kan keke na bar kwalta.

Daɗin da na ji ba a magana. Ƙasar na ƙara ƙus-ƙus a ƙarƙashin taya kamar ana taka biskit. Na yi nisa kamar tsawon layinmu sau ɗaya. Sai na ji muryar Kaka a bayana, irin muryar da ban taɓa ji ba.

"Sabka! Amarya, sabka! Sabka!"

Na ja birki. Na diro da ƙafa biyu.

Ƙasar ta fashe.

Ku da kuka yi makaranta a nan kun riga kun gane. Ni ma na san kalmar, mun yi ta a darasin ƙasa, har na ci ta a jarrabawa. Filin gishiri na bakin teku, wanda samansa ɓawo ne busasshe, ƙarƙashinsa taɓo mai haɗiye raƙumi, da Larabci sunansa kusan ɗaya ne da kalmar Kaka. Bambancin harafin nan ne na maƙogwaro, wanda bai taɓa fita a bakinsa ba. Shi sunan wurin yake kira, yana nufin in juyo tun taya na tafiya ɓawon na ɗauke da ni. Ni kuma Sakkwatanci na ji. Sau ɗaya a rayuwata na yi masa biyayya ba musu, kuma ranar ce bai kamata ba.

Na nutse har gwiwa nan take. Taɓon baƙi ne, sanyi kamar ƙanƙara, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara shiga. Na ja ta hagu, takalmin ya tsaya a ciki. Kafin in gama ihun farko ya kai cinyata. Na san ni mai ƙarin gishiri ce a labari, kowa ya sani, amma wannan karon gishirin ya ishe ni, ba na ƙara ko ƙwaya. Abin yana ja. Kamar akwai hannuwa a ƙasa masu haƙuri, ba sa gaggawa, sun san za su samu.

"Kaka! Kaka, yana ci na!"

"Bar motsi! Ki bar motsi, don Allah! Kwanta bisa keken!"

Kekena na kwance a gefena. Na faɗa kansa da ƙirji, feda ta soke ni a haƙarƙari. Nutsewar ta ragu amma ba ta tsaya ba. Da na ɗaga kai sai na ga abin da ya fi taɓon ba ni tsoro: ruwa. Teku ya fara dawowa. Ba igiya ba ce babba, wani siririn ruwa ne ke rarrafowa a kan farin filin, shiru, yana cika tsagogi. Tsuntsayen ma sun tashi. Wayata tana mota. Kawu yana barci a wata duniya. Titin da nake ƙauna don babu kowa a kansa, ranar na roƙi Allah ya kawo ko farar motar nan ce.

Kaka ya turo baƙin kekensa cikin filin yana taka sawun tayata, a hankali, har inda ɓawon ya fara tsagewa. Ya kwantar da keken, ya kwanta a kansa, ya tura, ya ja jiki, ya sake turawa. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu yana rarrafe kamar jariri. Ina jin numfashinsa tun daga nesa, yana fita da wani sauti kamar ana zuƙar lemo da tsinke. Da ya matso ya warware rawaninsa ya jefo mini. Sau uku yana jefawa iska na ɗaukewa.

"Kaka, zan mutu."

"Ba ki mutuwa. Wa za shi zuba mini gishiri a shayi? Kama!"

Na kama. Ya ja, bai iya ba. Sai ya sauka daga kan keken, ya shiga taɓon da kansa har ƙugu, ya tura kekensa ya haɗe da nawa, ya ce in bi ta kansu. Ya sa hannu cikin taɓon ya ciro ƙafata ɗaya, sannan ɗayar, kamar yana cire rogo. Na rarrafa a kan kekena, na haye nasa, ina jin ƙarfen na nutsewa a ƙarƙashina, har na kai inda ɓawon ke da ƙarfi. Ya ce kar in tashi tsaye, in yi ta birgima. Na yi birgima ina kuka ina kiran sunan Allah da Larabci da Hausa.

Da na waiga, yana can har yanzu, ruwa ya kai masa ciki, ya sunkuya a kan kekensa. Na ɗauka ya kasa fita ne. Na yi ƙara har muryata ta tsage. Ashe sukundireba ya ciro. Mutumin nan, teku na zuwa, taɓo na haɗiye shi, ya tsaya kwance ƙararrawa.

Ya fito a kan kekunan kamar yadda na fito, da jan ciki. Nauyinsa ne ya ƙarasa tura su. Muka zauna a bakin kwalta muna rawar sanyi, baƙi ƙirin mu biyu, leɓɓansa sun yi toka-toka. Da ya samu numfashi sai na hau shi da faɗa, don in ban yi faɗa ba zan suma.

"Ka ce in sauka!"

"Na ce miki sabka ce!"

"To ai shi ne na sauka!"

Ya dube ni, ya dubi filin. Hannun kekensa kaɗai ya rage a waje. Sai ya fara dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. Tafiyar awa ɗaya muka yi a ƙasa, ni ba takalmi, shi yana dafa kafaɗata, iska na busar da jiƙaƙƙun kayanmu a jikinmu. Da Kawu ya mayar da mu wurin kekunan da igiya, ruwa ya rufe komai. Kamar ba a taɓa yin keke a duniya ba.

A wani gidan mai muka wanke jiki da kaya. Muka saya wa Inna kifi. Da muka dawo Riyad Umma ta tambayi keken, Kaka ya ce, "Na aje shi inda ɓarawo ba ya zuwa." Bai taɓa yi mata ƙarya ba, sai dai ya zagaye gaskiya ta baya.

Tun ranar tarin bai sake shi ba. Ina kwance ina jin sa ta bango, ina ƙirgawa. In ya yi shiru kuma tsoron ya fi, sai in je in leƙa in ga ko bargon na motsi. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi, aka sake kaiwa. Sati biyu kafin rasuwarsa muka yi faɗanmu na ƙarshe, na gaske. Na ce zan faɗa wa Umma, ko likita zai san abin da zai yi in ya ji sanyi da taɓo ne. Ya riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"In kin hwaɗa, ta hana ki har abada. Ki bari."

"Ni ba na son keken! Na tsane shi!"

"Ƙarya kike, Amarya. Na ga huskarki bisa titin nan."

Na fizge hannuna na fita. Washegari na kawo masa shayi, da sukari, ya ce ya fi son na da.

Ranar kwana bakwai Umma ta zauna ninke kayansa don a bayar. A aljihun farar jallabiyarsa ta sami sukundireba, da wani abu ƙulle a hankici. Ƙararrawar ce. Gishiri ya yi mata fari, tsatsa ta ci gefenta, ta danna ba ta yi ƙara ba. Ta juya ta, ta kai hanci. Ta kira Kawu. Kawu ya ce gas ya ƙare, bari ya je ya sayo, ya fita ba tare da tukunyar gas ɗin ba. Ni kuwa na haye rufi na ɓuya a bayan tankin ruwa.

Na ji takunta ya tsaya a gindin matakala. Umma Hausar Kano take yi kamar Abba mahaifina, Sakkwatanci ba ya fito mata sai ranta ya kai ƙarshe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sabko."

Na sauko. Na faɗa mata duka a tsaye, tun daga bargon bayan mota har birgima. Na faɗa mata dokar, da farar mota, da abin da kaɗawa biyu ke nufi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon ƙararrawar.

"Da kin tafi a can," ta ce, "me zai zo ya ce mini? Ya ajiye ki inda ɓarawo ba ya zuwa?"

Sai abin da na riƙe kwana bakwai ya fito da kansa. "Umma, ni na kashe shi."

"Rufe mini baki. Tarin nan ya girme ki." Ta share fuska da bayan hannu. "Hayaƙin kwalta ne, tun ina goye. Shekara uku ke nan likita ya ce huhunsa saura kaɗan, ya ba shi umarni ya ajiye keke ya zauna. Baba ya ƙi, kuma ya hana ni faɗa miki, wai za ki dame shi da tausayi. Ashe ni yana ɓoye mini ke, ke yana ɓoye miki ni."

"Amma sanyin ya ƙara masa."

Na so ta ce a'a. Ba ta ce ba.

"Wataƙila. Allah ne ya sani, ni ban sani ba. Amma da ƙafarsa ya shiga, kuma da na ga wanda zai hana shi." Ta miƙe. "Ki zauna ki rubuta, da Hausa, a karanta wa Inna da kowa. Na gaji da tambayar ina keke."

Shi ne wannan. Keken Kaka yana gabas, a bakin titin da ya share da tsintsiya, tare da nawa mai taya ja da baƙa. Inna, ki yafe mana kifin. Kawu ya dawo, har yanzu Umma ba ta amsa gaisuwarsa. Ni kuma har yanzu in na rufe ido ina ganin siririn ruwan nan yana rarrafowa, kuma ban san ranar da zan daina jin tari ta bangon da babu kowa a bayansa ba.

Tun shekaranjiya Umma ta jiƙa ƙararrawar a kananzir cikin gwangwanin tumatir, ba ta ce wa kowa komai ba. Yau da safe ina wanke kofunan gahawa, tana bayana tana goge ta da tsohon buroshin haƙori. Sai na ji ta. Muryar ta ɗan dushe, amma ita ce. Tsohuwar gidan sama ma ta ji, don na ji an ja kujera a sama.

Sau biyu Umma ta kaɗa.

Ban sani ba ko ta tuna abin da na faɗa mata, ko hannunta ne kawai. Ban juya ba, ban tambaya ba. Kowace amsa ce, tsoronta nake ji.

Allah ka jiƙan Kaka. Ka yafe masa, ka sauƙaƙa masa numfashi a inda yake, ka shimfiɗa masa hanya mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙafa. Wanda duk ya taɓa jin ƙararrawar nan da safe, ya ce amin.